Dokta Rupert East: Baturen da Ya Haɗa Labari da Zane a Littattafan Hausa

Duk wanda ya yi firamare a Arewa zai iya tuna Magana Jari Ce, kuma sau da yawa hoton aku da na waziri ne ke fara faɗo masa a rai kafin labaran kansu. Abubakar Imam ne ya rubuta littafin, amma mutumin da ya tsara aikin, ya kula da bugunsa, shi ne Dokta Rupert East.

An haifi East a shekarar 1898. Ya yi karatu a Jami'ar Oxford, ya zo Nijeriya a shekarun 1920 a matsayin jami'in ilimi. Ya zauna a ƙasar Tibi, kuma shi ya fassara littafin Akiga Sai kan tarihin Tibi zuwa Turanci, aka buga a 1939. Sai dai a Zariya ne ya yi aikin da aka fi saninsa da shi.

A farkon shekarun 1930 aka ba shi shugabancin Hukumar Fassara, wadda aka mayar Hukumar Talifi. Matsalar da ya tarar babba ce. Ana koya wa yara boko, amma babu abin da za su karanta don nishaɗi, kuma wanda ba ya karatu, karatun kan gudu ya bar shi. Malamai kuwa sun saba da rubutun addini da waƙa, ƙagaggen labari bai kai a ɓata masa tawada ba a ganinsu. East ya zaga garuruwa yana lallashin masu ilimi, aka shirya gasa a 1933. Daga ita aka sami Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi kuwa shi da John Tafida suka rubuta shi. Yana kuma cikin waɗanda suka dage a riƙa amfani da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ.

A 1936 ya ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya, ya tara masa littattafan tatsuniyoyin Larabawa da na Indiya da na Turai, Imam ya saƙa su da zaren Hausa. Ya san sabon mai karatu yana tsoron shafin da ya cika da baƙi, don haka aka ƙawata Magana Jari Ce da zane. Mai zanen ita ce Jacqueline de Naeyer, 'yar ƙasar Beljiyam, wadda daga baya ta zama matarsa. A ƙasar tata ce, tun 1929, Hergé ya fara fitar da labarin Tintin cikin jerin zane a jarida. Na Zariya bai kai ga haka ba, hoto ne ke rakiyar labari, amma a nan dubban yara suka fara ganin tatsuniya da fuska.

A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editan Hausa, East na kula da ita. Ba don adabi kaɗai gwamnatin mulkin mallaka ta kafa jaridar ba: tana neman kashe jita-jitar cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus. East ma'aikacin wannan gwamnati ne, kuma bai kamata a manta da haka ba. Duk da haka, wasiƙun masu karatu sun mayar da jaridar dandalin koke kan halin da Arewa ke ciki.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadar Zariya, East ya shugabance shi. Ya bar Nijeriya a farkon shekarun 1950, ya rasu a Ingila a 1975.