TARIHI: Johannes Kepler, masanin da ya gano ƙa'idar tafiyar duniyoyi, ya rasu yana bin bashin albashi

A farkon watan Janairu, lokacin da sanyin hunturu ke hana 'yan kasuwar Sabon Gari fitowa da sassafe, duniyarmu ta fi kusa da rana, kuma ta fi gudu. Mutumin da ya fara gano dangantakar kusanci da gudu shi ne Johannes Kepler.

An haife shi a garin Weil der Stadt na ƙasar Jamus ranar 27 ga Disamba, 1571. Mahaifinsa sojan haya ne da ya tafi bai dawo ba. Cutar agana kuma ta raunana masa gani tun yana yaro, don haka da lissafi ya yi nazarin sararin samaniya.

A 1600 ya koma birnin Prague wajen Tycho Brahe, wanda ya shafe shekaru yana auna matsayin taurari. Da Brahe ya rasu a 1601, Kepler ya gaji muƙaminsa a fadar Sarki Rudolf na Biyu, ya kuma samu kundayen awonsa.

Masanan zamanin sun yi ittifaƙi cewa duniyoyi suna tafiya ne a kan cikakkiyar da'ira. Kepler ya gwada wannan a kan duniyar Mars, sai lissafinsa ya saɓa wa awon Brahe da tazarar da ba ta wuce rubu'in faɗin cikakken wata ba. Da wani ne, da ya kau da kai. Shi kuwa ya gaskata awon, ya jingine lissafinsa, ya sake daga tushe.

A littafinsa Astronomia Nova na 1609 ya bayyana cewa hanyar Mars da'ira ce mai ɗan tsawo, kuma duniya tana ƙara gudu idan ta kusanci rana, ta rage idan ta yi nisa, bisa ƙa'ida tabbatacciya. A Janairu nisanmu da rana kimanin kilomita miliyan 147 ne, gudunmu kilomita 30.3 a daƙiƙa. A Yuli nisan miliyan 152 ne, gudun 29.3. A ninka nisa da gudu a kowanne, amsar kusan 4,454 ce.

Wannan adadi da ba ya canzawa shi ne tushen abin da ake kira dokar adana ƙarfin juyi, wadda Isaac Newton ya fito da dalilinta a 1687. Ita ce ke sa wilin keken ɗinki a shagunan telolin Fagge ya ci gaba da juyawa bayan an ɗage ƙafa, har sai gogayya ta tsayar da shi.

Ilimi bai kare Kepler daga fitinar zamaninsa ba. An zargi mahaifiyarsa Katharina da maita, aka tsare ta a 1620. Ya ajiye aikinsa ya tsaya mata a gaban shari'a, har aka sake ta a 1621 bayan wata 14 a tsare.

Baitulmalin sarki kuwa ya daɗe yana riƙe masa haƙƙinsa. A 1630 ya hau doki zuwa Regensburg domin neman kuɗin. Zazzaɓi ya kama shi a can, ya rasu ranar 15 ga Nuwamba yana da shekara 58, ba a biya shi ba. Yaƙin Shekara Talatin ya shafe maƙabartar da aka binne shi. Dokokinsa kuwa har yau da su ake lissafin hanyar tauraron ɗan'adam.