Marigayi Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato: Ɗan Majalisar da Ya Ƙi Garaje

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu mazauna Kaduna da Abuja da Legas sun san Sardauna ne a jikin takardar naira ɗari biyu, ko kuma a sunan jami'ar da ke Zariya. To amma mu mutanen Ngaski da sauran ƙasar Yauri ya kamata mu san shi fiye da haka, domin a zamaninsa cikin Lardin Sakkwato muke, dokokin da ya tsaya a kansu a majalisa kuwa su suka tafiyar da rayuwar iyayenmu.

An haife shi a garin Rabah, cikin zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya fito a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato. Mu da muka sha ƙurar alli muna alfahari da cewa daga cikinmu ya fito. A 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah. Ya nemi sarautar Sarkin Musulmi a 1938 Allah bai ba shi ba, sai aka ba shi sarautar Sardauna aka tura shi Gusau. A can aka zarge shi da cin kuɗin jangali, har aka yanke masa hukunci, amma ya ɗaukaka ƙara a Zariya aka wanke shi.

A 1949 ya shiga Majalisar Dokokin Jihar Arewa da ke Kaduna. Ya riƙe Ministan Ayyuka, sannan na Ƙananan Hukumomi, a 1954 kuma ya zama Firimiya ƙarƙashin jam'iyyar NPC. Ra'ayinsa na riƙau ba ɓoyayye ba ne. Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suna neman a karya ƙarfin En'e saboda zaluncin da talaka ke sha a hannun hakimai da dogarai, shi kuwa yana ganin idan aka rushe sarauta babu abin da zai riƙe Arewa. Saboda haka ya zaɓi gyara daga ciki: sarki ya yi mulki tare da majalisarsa, gwamnatin Kaduna kuma ta sa ido a kan baitulmali. Cewa ba wasa yake yi ba, an gani a 1963, lokacin da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya sauka daga gadon sarauta bayan binciken kuɗin En'e ta Kano.

Inda halinsa ya fi fitowa fili shi ne a watan Maris na 1953, a Majalisar Wakilai ta Legas. Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardauna ya miƙe ya nemi a cire shekarar, a bari sai an shirya. Aka yi wa wakilan Arewa ihu da ature a titunan Legas, aka ce da su 'yan amshin shatar Turawa, rigimar da ta kai ga tarzomar Kano a watan Mayu. Amma hujjarsa ta lissafi ce: Arewa ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi da akawuna, idan Bature ya tafi a lokacin, wasu ne za su hau kujerunsa. Daga nan ya dage wajen horar da 'yan Arewa da cusa su aikin gwamnati, har Arewa ta karɓi mulkin kanta a ranar 15 ga Maris, 1959. Da jam'iyyarsa ta sami rinjaye a tarayya, bai bar Kaduna ba, ya bar wa mataimakinsa Abubakar Tafawa Ɓalewa kujerar Firayim Minista.

Ba za mu ɓoye ba, jan ƙafar nan tana da nata farashi. 'Yan adawa sun sha ɗauri a kotunan alƙalai, matan Arewa kuma ba su sami damar jefa ƙuri'a ba duk tsawon mulkinsa, sai a 1976.

Sojoji sun kashe shi a gidansa na Kaduna a daren 15 ga Janairu, 1966, tare da matarsa Hafsatu. Allah ya jiƙansu. A lokacin ana tsakiyar ginin madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka soma a 1964. Sojojin da suka karɓi mulki sun rufe majalisa, a 1967 kuma aka raba Jihar Arewa gida shida. Saboda haka da tafki ya cika a 1968, aka kwashe Gungawa da sauran 'yan'uwanmu na tsibirai da bakin kogi zuwa sababbin matsugunai, babu zaɓaɓɓen wakili ko ɗaya da zai miƙe a zauren Kaduna ya yi magana da yawunsu.