Tarihin Sarkin Musulmi Hassan da Wasan Ruwa na Argungu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ku sani, ya ku malamai da fataken Birnin Kano, shi Sarkin Musulmi Hassan ɗan Sarkin Musulmi Mu'azu ne, jikan Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu. Ya tashi a zamanin da Sakkwato da Kabi ba sa ga maciji, yaƙi yana cin maza, ayari yana tafiya cikin fargaba. Ya riƙe ƙasar Dange, kana ya hau gadon kakanninsa a 1931.

A 1934 ya taka da kansa zuwa Argungu. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya karrama shi da gagarumin kamun kifi, masunta suka faɗa kogi da gora da homa. Daga nan bikin Argungu ya kafu a Matan Fada, har da tseren kwalekwale da ninkaya da nutso.

Ya rasu a 1938, ɗan ɗan'uwansa Abubakar ya gaje shi. Gabar da takobi ya kasa kashewa, ziyara guda ta kashe ta. Allah Ya jiƙansa, amin. Tammat.