Shekarar da Harshen Imam Gazali Ya Ɗaure

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

A shekara ta 488 bayan hijira, wadda ta yi daidai da 1095 miladiyya, babban malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza ya zauna wata rana zai ba da karatu don ya faranta wa ɗalibansa rai. Ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Shekarunsa 38 a lokacin. Ɗalibai wajen 300 ke ɗaukar karatu a gabansa, fadar Halifa na neman ra'ayinsa, kuma duk ƙasar Iraƙi da wuya a sami wanda zai kara da shi a fagen muƙabala. Wannan malami shi ne Abu Hamid Muhammadu ɗan Muhammadu al-Gazali, Hujjatul Islam, Allah ya ƙara masa yarda.

An haife shi a shekara ta 450 (1058) a Ɗus, cikin yankin Hurasan, kusa da birnin Mashhad na ƙasar Iran ta yau. Masu tarihi sun ce mahaifinsa talaka ne mai kaɗin gashin tumaki, mai son zama wurin malamai. Da ajali ya kusanto shi sai ya damƙa ƴaƴansa biyu, Muhammadu da Ahmadu, ga wani abokinsa sufi, tare da ɗan abin da ya tara. Kuɗin ba su daɗe ba suka ƙare, shi kuwa sufin ba shi da komai, sai ya shawarci yaran su shiga makaranta, don a can ana ciyar da ɗalibai. Ashe yunwa ce ta fara kai Gazali ƙofar ilimi. Daga baya shi da kansa yakan tuna haka, yana nuna cewa ya nemi ilimi da wata niyya daban, amma ilimin ya ƙi yarda ya zama na kowa sai na Allah.

Akwai labarin da malaman tarihi suka kawo game da dawowarsa daga karatu a Jurjan. Ƴan fashi suka tare ayarinsu, suka kwashe kaya har da gafakar da ya tara rubuce-rubucensa a ciki. Ya bi bayansu yana roƙon su mayar masa da takardun kawai, domin su ne ilimin da ya bar gida dominsa. Shugaban ƴan fashin ya yi dariya, ya yi masa ba'a da cewa ilimin da ɓarawo zai iya rabawa da mai shi ai bai zama ilimi ba tukuna, sa'annan ya sa aka ba shi gafakarsa. Gazali ya ɗauki wannan magana a matsayin gargaɗi daga Allah, ya zauna a Ɗus shekara 3 yana haddace abin da ke cikin takardun. Duk ɗalibin da karatunsa na shekara ke cikin wayar salula, aka kuma taɓa zare masa ita a tasha, ya san irin faɗuwar gaban da yaron nan ya ji.

Daga nan ya tafi Naisabur wurin Imamul Haramaini al-Juwaini, ya sha fiƙihun Shafi'iyya da usulu da ilimin kalam har malamin ya rasu a 478 (1085). Sai ya shiga majalisar waziri Nizamul Mulk, inda malamai ke taruwa ana fafatawa, ya yi musu zarra. A 484 (1091) wazirin ya naɗa shi malamin Nizamiyya ta Bagadaza. Shekarun nan huɗu da ya yi a kan kujerar sun cika da aiki mai ban mamaki. A ɗan lokacin da yake samu bayan karatu da rubutu, ya karance littattafan falsafa shi kaɗai ba malami cikin ƙasa da shekara 2, ya ƙara kusan shekara guda yana juya su a ransa, sa'annan ya rubuta Maƙasidul Falasifa, ya bi shi da Tahafutul Falasifa inda ya yi musu raddi a mas'aloli 20. Sun kuma cika da tashin hankali: a 485 aka kashe Nizamul Mulk, bayan ƴan makonni Sarki Malikshah ya rasu, aka shiga rikicin gado. Gazali ya ga da idonsa yadda inuwar da yake zaune a ƙarƙashinta ta gushe dare ɗaya.

Tun kafin wannan lokaci ya taɓa shiga wani hali na kokwanto wanda ya kai kusan wata 2, har ya rasa amincewa da abin da ido ke gani da abin da hankali ke yankewa. Ya ba da labari a littafinsa al-Munƙiz minad Dalal cewa hujja ba ta fitar da shi ba, wani haske ne Allah ya jefa a ƙirjinsa. Amma ciwon shekara ta 488 daban yake. A wannan karon imaninsa na nan daram. Ya karanta Ƙutul Ƙulub na Abu Ɗalib al-Makki da littattafan Harisul Muhasibi da maganganun su Junaidu, ya gane cewa abin da mutanen nan ke magana a kai zauƙi ne, kuma karatu ba ya kai mutum gare shi, kamar yadda sanin ma'anar ƙoshi ba ya cika ciki. Da ya juya ya binciki kansa sai ya ga mafi kyawun aikinsa, wato karantarwa, son girma da yaɗuwar suna ne ke tura shi.

Nan ne wahalar take. Da a ce zunubi ne bayyananne, da sai ya tuba ya huta. To amma abin da ke cinsa shi ne abin da kowa ke yabonsa a kai. Da safe sai ya ƙudura zai bar Bagadaza, kafin yamma son matsayi ya warware ƙudurin, zuciya na raya masa cewa wannan hali mai wucewa ne, in ya saki kujerar nan ba zai sake samunta ba. Kusan wata 6 yana cikin wannan ja-in-ja tun daga Rajab. Daga ƙarshe jiki ya karɓi faɗan: harshe ya ɗaure, baƙin ciki ya sauka, abinci ya daina narkewa, ko ruwan miya ba ya wuce masa da daɗi. Aka kira likitoci, ya kuwa bar su suka duba shi. Suka ce abin a zuciya ya sauka, daga can ya bi jiki, kuma ba magani sai an sauke damuwar da ta kawo shi. Gaskiya likitocin nan sun cancanci yabo. Sun san inda iliminsu ya tsaya, ba su kuma raina ciwon don ba a ganinsa da ido ba. Ƴan'uwa, har yau a gidajenmu akwai wanda zai ce ransa a ƙuntace yake a amsa masa da cewa ƙarancin imani ne, alhali ga Hujjatul Islam kansa ya kwanta da irin wannan.

Da dabara ta ƙare masa sai ya koma ga Allah komawar wanda ba shi da sauran hanya, Allah kuwa ya sauƙaƙe masa rabuwa da matsayin. A Zulƙida 488 ya fita Bagadaza yana nuna Makka zai tafi, alhali Sham ya nufa, don kada Halifa da abokai su tare shi. Mutane suka yi ta surutu. Na nesa suka ce tsoron masu mulki ne, na kusa da suka san yadda masu mulkin ke riƙe da shi suka ce kambun baka ne ya sami malamai. Ya rabar da dukiyarsa, ya bar abin da zai ishi ƴaƴansa, ƙanensa Ahmadu ya riƙe karatun.

Ya zauna na wani lokaci a Sham. A Dimashƙa yakan hau hasumiyar babban masallaci ya rufe ƙofa ya wuni yana zikiri. Ya wuce Baitul Muƙaddas ya yi haka a Ƙubbatus Sahra, sa'annan ya ziyarci kabarin Annabi Ibrahim, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a Halil, inda ya yi alkawarin ba zai ƙara zuwa ƙofar sarki ba, ba zai karɓi kuɗin sarki ba, ba zai ƙara shiga muƙabala ba. Ya yi hajji a 489. Bayan haka kiran ƴaƴansa da lamurran gida suka jawo shi ya koma, ya ci gaba da halwarsa a Ɗus cikin hidimar iyali, yana kukan cewa natsuwar ba ta samuwa sai jefi-jefi. Matashin da ya karanta wannan tarihi ya ji yana son ya jefar da karatun jami'a ya tare a zawiya, ya kamata ya lura da abu biyu: Gazali ya fita ne bayan ya ƙure ilimin zamaninsa, kuma bai bar iyalinsa da yunwa ba.

Harshen da ya ɗaure a Bagadaza, a alƙalami ya kwance. Cikin shekarun nan ya rubuta Ihya'u Ulumid Din, littafi 40 a rubu'i huɗu: ibadodi, al'adun rayuwa, abubuwa masu halakarwa, da masu tsirarwa. Wanda ya san tarihinsa zai gane cewa rubu'i na uku, inda ya yi bayanin abubuwan mamaki na zuciya da fushi da hassada da son girma da riya da ruɗuwar malamai, mai jinya ne ke siffanta cutar da ya kwana da ita. A rubu'i na biyu kuwa ya yi magana kan cin abinci da aure da neman halal da zumunci da tafiya, domin mai kasuwa da mai gida su ma su sami hanyarsu a inda suke. Littafin bai tsira daga suka ba. An ƙone shi a Ƙurɗuba a 503 zamanin Murabiɗai, an kuma yi magana kan raunin wasu hadisansa, har Hafiz al-Iraƙi ya bi su yana bayyana matsayinsu. Daga baya Murtada az-Zabidi ya yi masa babban sharhi a Misira, kuma cikin waɗanda suka zauna gaban Zabidi akwai Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

A Zulƙida 499 (1106), bayan shekara 11, waziri Fahrul Mulk ɗan Nizamul Mulk ya matsa masa ya koma karantarwa a Nizamiyya ta Naisabur. Ya shawarci ma'abota zukata, suka ce ya tafi. Ya koma irin aikin da ya gudu daga gare shi, yana mai bayyana cewa a da ilimin da ake samun girma da shi yake yaɗawa, yanzu kuwa ilimin da ake barin girma da shi. Bai daɗe sosai ba ya komo Ɗus, inda yake da makaranta da zawiya kusa da gidansa. Ya raba lokacinsa tsakanin Alƙur'ani da ɗalibai da zama da sufaye, ya kuma duƙufa kan hadisi, yana sauraron Buhari da Muslim kamar sabon ɗalibi, yana da shekara fiye da hamsin.

An ruwaito daga ƙanensa Ahmadu cewa ranar Litinin, 14 ga Jimada Sani 505 (Disamba 1111), ya yi alwala ya yi sallar asuba, ya ce a kawo masa likkafaninsa. Ya sumbace shi, ya ɗora shi a idanunsa, ya miƙe ƙafafunsa ya fuskanci alƙibla, ya cika kafin gari ya waye sosai. Shekarunsa 55. An binne shi a Ɗabaran cikin Ɗus, garin da aka haife shi. Allah ya jiƙansa, ya amfane mu da albarkarsa, amin.