Sarauniya Mangu ta Lugu da Bala'in Shekarar 1899

Duk wanda zai ba da tarihin sarautun ƙasar nan, wajibi ne ya ambaci Sarauniya Mangu, shugabar Aznan Lugu a ƙasar Arewa, kusa da Dogon Dutsi. Sarauniya laƙabi ne na sarautar da mata ke riƙewa tun kaka da kakanni. A hannunta al'amuran tsafin ƙasa suke, a ƙasarta kuma dutsen Tunguma yake, wanda ake kai wa shari'a.

A zamaninta ne, farkon 1899, rundunar Faransa ƙarƙashin kaftin Voulet da kaftin Chanoine ta taso daga bakin kogin Kwara, ta nufi tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa, tana kashe bayin Allah. Garuruwa da dama suka miƙa wuya, wasu suka watse. Mangu kuwa ta tara maharbanta, ta tsaya. Ran 16 ga Afrilu 1899 aka gwabza a Lugu, kibiya da bindiga. Nasara suka ƙone garin, amma ba su kama ta ba. Ta janye da jama'arta cikin kurmi, bayan wucewar rundunar suka dawo suka sake gina gidajensu.

Daga nan rundunar ta ci gaba gabas. A watan Mayu ta auka wa Birnin Ƙonni, aka karkashe maza da mata da yara, aka binne su a manyan ramuka. Tun kafin haka labarin ta'asar rundunar ya riga ya kai Faransa, aka turo kanal Klobb ya karɓe ta, amma Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ran 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu, suka kashe Chanoine da Voulet.

Kaburburan azzaluman nan biyu suna Maijirgi, an san wurinsu. Waɗanda suka hallaka kuwa, bakin zuriyarsu ne ya adana su. Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986 sun kai sunan Mangu duniya, a 2023 kuma Nijar ta ƙirƙiro lambar girma da sunanta. Hakki ne a kan sarakuna da talakawa su killace waɗannan ramuka, su kafa musu alamar tunawa, domin ƴaƴa da jikoki su san inda kakanninsu suke kwance.