Ahmed Zewail: Bamisiren da ya riski ƙwayoyin sinadari suna tsaka da rabuwa

Har zuwa shekarun 1980, masana kimiyyar sinadarai sun san abin da suke haɗawa, sun kuma san abin da ke fitowa, amma abin da ke wakana a tsakani sai dai su yi hasashe. Ƙwayoyin zarra kan ƙulla alaƙa su warware ta cikin saurin da babu na'urar da ke cim masa. Ahmed Hassan Zewail ne ya buɗe wannan ƙofa.

An haife shi ranar 26 ga Fabrairun 1946 a Damanhur ta ƙasar Masar, ya tashi a Desuk. Bayan digiri biyu a Jami'ar Iskandariya, ya tafi Amurka ya yi digirin digirgir a Jami'ar Pennsylvania, sannan ya kama aiki a cibiyar Caltech a 1976.

Dabarar tasa ta dogara ne ga walƙiya biyu na hasken leza. Ta farko takan bugi ƙwayar sinadari ta tayar da sauyin, ta biyu kuma ta iso bayan ɗan jinkiri ta auna halin da ƙwayar ke ciki. Da madubai ake ƙayyade jinkirin, ta hanyar ƙara wa hasken tazarar tafiya da ba ta kai kaurin silin gashi ba. Idan aka maimaita gwajin da jinkiri daban-daban, sai sakamakon ya jeru tamkar fim. Ma'aunin lokacin shi ne femtosakan, wato daƙiƙa ɗaya a kasa ta gida miliyan sau biliyan. Matsayin femtosakan a cikin daƙiƙa kamar matsayin daƙiƙa ne a cikin shekara miliyan 32.

A 1987 shi da abokan aikinsa suka bibiyi tsinkewar alaƙar aidin da sayanayid a sinadarin ICN, wadda ta kammala cikin kimanin femtosakan 200. Wannan aiki ne ya ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1999, shi kaɗai. Shi ne Balarabe na farko da ya same ta a fannin kimiyya.

Abin da ya gagare shi cikin sauri shi ne gina irin wannan bincike a gida. An aza harsashin birnin kimiyya da ya tsara wa Masar a 2000, amma aikin ya kwanta fiye da shekara 10, sai bayan juyin juya halin 2011 aka farfaɗo da shi. Ko a lokacin sai da rikicin fili da gine-gine tsakanin birnin da Jami'ar Nilu ya kai ga kotu.

Zewail ya rasu a Amurka ranar 2 ga Agustan 2016 yana da shekara 70, aka yi masa jana'izar ban girma ta soja a Alƙahira. Birnin kimiyyar mai ɗauke da sunansa na ci gaba da yaye ɗalibai, masu bincike kuma na amfani da dabararsa wajen nazarin yadda ido ke karɓar haske da yadda ganye ke cin moriyar rana.