C. V. Raman: Ma'aikacin Baitulmali Da Ya Bar Wa Masu Binciken Wuta Gado

A yau idan masana suna son sanin abin da ke gudana a cikin harshen wutar iskar gas, ba sai sun tsoma wani ƙarfen awo a ciki ba, domin ƙarfen yakan dagula wutar. Sukan harba mata hasken leza ne, sa'an nan su auna ɗan hasken da ya warwatso. Tushen wannan dabara kuwa aikin wani mutumin Indiya ne, marigayi Chandrasekhara Venkata Raman.

An haifi Raman ran 7 ga Nuwamba, 1888, a kudancin Indiya. A 1907 ya kama aikin Mataimakin Akanta Janar a birnin Kalkata. Shekara goma ya yi yana duba lissafin gwamnati da rana, da sassafe da maraice kuwa yana ɗakin bincike. A 1917 aka yi masa tayin kujerar farfesa a Jami'ar Kalkata, bisa albashin da bai kai nasa na gwamnati ba. Ya ajiye muƙamin, ya rungumi ilmi.

Ran 28 ga Fabrairu, 1928, shi da almajirinsa K. S. Krishnan suka tabbatar da cewa idan haske ya ratsa wani abu, ɗan kaɗan daga cikinsa yakan fito da launi dabam, kuma kowane sinadari da irin canjin da yake haddasawa, tamkar zanen yatsa. Wannan ne ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1930, ya zama mutumin Asiya na farko da ya same ta a fannin kimiyya.

Sai dai hasken da ke canja launin ba shi da ƙarfi ko kaɗan, saboda haka dabarar ba ta bunƙasa sosai ba sai bayan da aka ƙera leza a 1960. Da ita ake auna zafin wuta, da yawan gas ɗin da bai ƙone ba, da iskar shaƙa, da tururin ruwa, a kowane gurbi na harshen wutar. Irin wannan awo na taimaka wa injiniyoyi wajen ƙera injunan lantarki masu rage ɓarnar gas da gurɓata iska.

Raman ya rasu ran 21 ga Nuwamba, 1970, a Bangalor, inda ya kafa cibiyar bincikensa a 1948. Har yanzu Indiya tana bikin Ranar Kimiyya ta Ƙasa a kowace 28 ga Fabrairu domin tunawa da aikinsa.